Taswira na iya nuna inda cuta ke fitowa



Zancena na yau a kan taswira ne, da alaƙarta da ruwan da muke sha. A jami'a muna koyon wani tsari na kwamfuta da ake taƙaita sunansa da SIG a Faransanci. Aikinsa shi ne ɗora bayanai a kan taswira, ɗaya bisa ɗaya: ga rijiyoyi da fanfuna, ga salga da kwata, ga gidajen da aka samu marasa lafiya. In aka haɗa su, ido zai ga abin da rajistar asibiti ita kaɗai ba ta nunawa.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1854 kwalara ta ɓarke a Landan. Likita John Snow ya bi gidajen da aka yi mutuwa, ya ga sun taru kewaye da fanfo guda. Hukuma ta cire hannun fanfon, kuma taswirar da ya zana har yau ana koyar da ita.

Mu dawo gida, Tibiri ta jihar Maraɗi. Tun wajejen 1985 mutanen garin suka yi ta shan ruwan burtsatse mai sinadarin fuliyo da ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1,5 a lita, na Tibiri ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ruwan garau yake, ba wari. Haƙoran yara suka rine, ƙafafun wasu suka lanƙwashe, aka ɗebi shekaru kafin a gane daga ruwa ne. Da a ce duk yaron da aka kai asibiti an sa gidansu a taswira, tare da fanfon da suke ɗiba, da an yi zargin ruwan da wuri.

To, mu mi za mu iya? Salula mai GPS ta isa, manhajar QGIS kuma kyauta ce. Kowane reshe ya ɗauki unguwarsa: ina ake ɗibar ruwa, taku nawa ne tsakanin rijiya da salga, ina ruwa ke kwanciya da damina har ya tara sauro. Sai mu kai wa asibitin CSI da magajin gari.

Amma fa da sharaɗi biyu. Mu nemi izinin mai unguwa da masu gida, kada mu rubuta sunan mara lafiya, sirrinsa amana ne. Sannan taswira wurin zargi kawai take nunawa. Awon ruwa a wajen ƙwararru shi ke tabbatarwa.

Allah ya ba mu ikon yi, ya ƙara mana lafiya.