Tagar Rufin Mota Mai Ɗaki Tana Yoyo? Ƙarin Gam Ba Gyara Ba Ne

Yau za mu ɗan ajiye maganar siyasa, mu hau kan rufin mota.

A Amurka akwai wata irin mota da suke kira RV, wato mota mai ɗaki: gado a ciki, kicin a ciki, har da banɗaki. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. A saman banɗakin sukan sa wata taga ta roba mai ƙulli kamar kwano a kife, don haske ya shigo. To, wannan tagar tana cikin wuraren da suka fi jawo wa masu irin motar yoyo. Kuma maganar ta shafe mu, don manyan motocin safa da wasu motocin asibitin tafi-da-gidanka su ma suna da ƙofa ko taga a rufi, kuma ranarmu ba ta da wasa.

Me ke kawo yoyon? Abu biyu. Rana tana cin robar tagar har ta yi gautsi ta tsattsage, musamman a bakin ƙusoshi. Sannan gam ɗin da ke kewaye da ita yana bushewa, mota tana girgiza a hanya, sai ya buɗe baki. Ruwa kuma munafuki ne, jama'a. Inda ka ga yana ɗiga ba lallai nan ya shiga ba. Zai bi ƙarƙashin shimfiɗar rufi, ya jiƙa katako, ya yi wata da watanni yana ruɓar da shi kafin ka ga tabo a silin. Shi ya sa in ka ga tabo, ka san aikin ya jima.

Abin da yawancinmu za mu yi shi ne mu sayo silikon mu shafe wurin. Ni dai ban yarda da wannan ba. Silikon ba ya kama shimfiɗar roba ta irin wannan rufin da kyau, kuma in ya bushe, sabon gam ba ya kamawa a kansa. Ka rufe ɓarna, ka kuma wahalar da mai gyara na gaba.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi ranar da babu hadari. Ka samu mai riƙe maka tsani, ka shimfiɗa falanki ka durƙusa a kai don nauyinka ya rarrabu. Fara da danna rufin kewaye da tagar. In ka ji yana lotsawa, katakon ƙasa ya ruɓe, sai an yanke an sa sabo. Ƙusa ba ta riƙe ruɓaɓɓen katako, duk gam ɗin duniya ba zai cece ka ba.

Ka auna ramin kafin ka sayi sabuwar taga. Ramin tagar iska yawanci inci 14 ne tsawo da faɗi, amma tagar haske girmanta kala-kala ne, don haka a auna, kar a yi kirdado.

Sai kankara. Da abin kankara na roba, ba wuƙa ba, don kar ka huda shimfiɗar. Ka cire tsohon gam har kawunan ƙusoshi masu murɗi su bayyana, ka kwance su, ka ɗaga tagar a hankali. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gajiya. Sai wurin ya fita tas, ya bushe. Kada ka wanke da fetur ko kananzir: irin robar da ake kira EPDM kumbura take yi in sun taɓa ta. Ruwa da sabulu, sannan a bari ya sha iska.

Yanzu ka liƙa tef ɗin butil, wani gam ne mai danƙo da ba ya ƙeƙashewa, a ƙarƙashin leɓen sabuwar tagar, ya zagaye ba tare da giɓi ba, ya bi ta kan kowane ramin ƙusa. Wannan shi ne ainihin mai tare ruwan. Ɗora tagar, ka ɗaura ƙusoshi ɗaya nan ɗaya can tsallake, da hannu. In ka ga butil ya ɗan fito gefe, tsaya. Matsewa da ƙarfi ita ke fasa sabuwar taga, don roba tana buɗewa da zafi, tana tsukewa da sanyi.

Daga nan ka zuba gam mai bajewa da kansa a kan kowace ƙusa da duk bakin leɓen. Dicor na cikin sanannun kamfanonin da ke yin sa. Amma karanta jikin kwalin, ka tabbatar ya dace da rufinka da kuma robar tagar, don wani gam ɗin yana tsatsage ta.

Ka ba shi kwana biyu. Sannan gwaji: mutum ɗaya a sama da tiyo, ɗaya a ciki yana kallo. Bayan haka, ka riƙa hawa kana dubawa kafin damina da bayanta.

Matasanmu masu fanel bita da masu gyaran safa, in kwastoma ya ce "a ɗan shafa kawai", ku nuna masa katakon da yatsa. Wataƙila ya yi ƙorafin kuɗi yau, amma in damina ta wuce kujerunsa a bushe, wurinka zai dawo.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.