Karatun Littafi Mai Tsarki da Sauraron Allah a Damagaram

Magana ɗaya na zo da ita: Kirista yana buɗe Littafi Mai Tsarki ne don ya ji abin da Allah yake faɗa masa, kuma wannan ji ba ya samuwa da gaggawa, ba ya kuma inganta in mutum ya kaɗaita da shi.

Akwai masu cewa wannan al'adar baƙi ce. Tarihin ƙasar nan bai goyi bayansu ba. Dorugu, wanda aka haifa a Dambanas kusa da Kance, aka kama shi bauta yana yaro, ya bi wani Bature matafiyi, Barth, har Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan, Schön, ya zaunar da shi yana ɗaukar Hausa daga bakinsa, kuma a 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. Sai a 1924 mishan ɗin SIM suka sauka Zinder, cikakken Littafin kuwa ya fito a 1932. Ashe Hausar Damagaram ta riga majami'a ɗaukar wannan saƙo. Duk wahalar fassarar nan an sha ta ne don mutum ya ji maganar Ubangijinsa da harshen da yake ciniki da shi a kasuwar Dole.

To, yaya ake karatun? A ƙarni na 12 wani mai zaman zuhudu a Faransa, Guigo, ya tsara shi hawa huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sannan natsuwa a gaban Allah. Mu ɗauki labarin makaho Bartimawas a Markus sura 10. Mai karatu ya bi shi da murya, a hankali, ya sake, ya kuma sake. A karo na uku wataƙila ya tsaya inda makahon ya yar da mayafinsa don ya isa wurin Yesu. Duk wanda ya san mabaraci a bakin hanya lokacin hunturu ya san mayafin nan shi ne shimfiɗa, shi ne bargo, shi ne dukiyar duka. Nan tambaya take juyowa kan mai karatun: me nake riƙe da shi da ya hana ni tashi? Amsar da zai bayar ita ce addu'arsa. Wanda ya haɗiye sura biyar kafin shayi ya huce ba zai kai ga wannan ba.

Za a ce da yawa cikinmu ba su iya karatu ba. Haka ne, amma a Nehemiya sura 8 Ezra ne ya karanta, jama'a suka kasa kunne, Lawiyawa suka yi bayani. Tsohuwar da jikarta ke karanta mata, ko take ji a waya, tana cikin wannan ibada sosai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne: ta yaya mutum zai san muryar Allah ya ji, ba son zuciyarsa ba? Ba na raina wannan tambaya, domin mun ga aya ta zama hujjar zalunci a bakin mutane. Littafin da kansa ya yi tanadi. Yaro Sama'ila bai gane mai kiransa ba sai da Eli ya fahimtar da shi. Ma'ajin Habasha yana karanta Ishaya a karusarsa, ya buƙaci Filibus. Abin da ka ji a ɗaka, ka kai shi gaban ikilisiya, ka auna shi da halin Almasihu. Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Zinder. Mai zafin rai da ya buɗe Zabura a wancan makon zai tarar da ayoyin kukan neman sakayya, kuma yana da ikon kai kukansa ga Allah da su. Amma in ya ce an umarce shi ya rama, dattawan ikilisiya za su buɗe masa Matiyu sura 5, inda Yesu ya umarci a ƙaunaci maƙiyi, su zauna su karanta tare da shi.