Rigar Furotin ta Ƙwayoyin Halitta Masu Rayuwa da Ƙarfe: Laccar da Aka Gabatar ga Ɗalibai da Malaman Sabon Birni da Isa

 

Duk wanda ya sha ruwan burtsatse a wannan yanki ya san wani abu: a wasu rijiyoyin za a ɗebo ruwa garau, kafin a jima ya yi ja, ya bar tsatsa a gindin bokiti. Ƙasarmu ce mai ƙarfe. Marmarar da ke kan tuddanmu, da tamar da maƙera suka riƙa narkarwa a da, da shimfiɗar dutsen yashi da masana suka raɗa wa sunan Gundumi, duk shaida ne. A can ƙarƙashi, inda babu iska, ƙarfen narke yake cikin ruwa. Da ya haɗu da iska sai ya koma tsatsa. Wani ɓangare na aikin iska ce ke yi, wani kuma halittu ne masu rai.

Tun 1836 Bajamushe Ehrenberg ya bayyana ɗaya daga cikinsu, Gallionella. Abincinta shi ne ilektiron guda da take ƙwacewa daga kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe. Abin da take samu kaɗan ne ƙwarai, don haka dole ta sarrafa ƙarfe mai yawa, tsatsar kuma tana taruwa a jikinta har ta nemi binne ta da rai. Ga inda maganata take: ga halittar da ke rayuwa da ma'adini, rai da mutuwa a fatar jiki suke. Gallionella tana fitar da wani murɗaɗɗen zare ne, tsatsar ta hau kansa. Wasu kuwa riga suke sawa.

Kun san sulken mayaƙan Gobir na zamanin Alkalawa: zobe ɗaya ne, an maimaita shi dubbai, ya rufe jiki amma iska na shiga. Haka wannan riga take. Furotin iri ɗaya ne, ko biyu, ya jeru a tsari mai kusurwa huɗu ko shida, ko a karkace, ya lulluɓe ƙwayar halittar baki ɗaya. Wani masani mai suna Houwink ne ya fara ganin ta a 1953 da madubin ilektiron, Uwe Sleytr na Biyana kuma ya shafe shekaru yana nazarinta. Ƙofofin da ke jikinta ba su wuce nanomita 2 zuwa 8 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ƙwaya guda na buƙatar furotin kusan 500,000 kafin ta rufu. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, idan aka wargaza rigar a ɗakin gwaji, furotin ɗin da kansu suke sake jeruwa, ba mai saƙa, ba mai ɗinki. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

An fi fahimtar amfaninta a jinsin da ake kira akiya, waɗanda da yawansu ba su da wani bango sai ita. Thomas Brock ya bayyana Sulfolobus a 1972 daga maɓuɓɓugan zafi na Yellowstone a Amurka, inda take rayuwa da farar wuta cikin ruwa mai asid da zafin da ya kai digiri 75. Rigarta furotin biyu ce: SlaB turke ne da ya kafu a fatar ciki, SlaA kuma shimfiɗar da ke bisa, an yi mata ado da sarƙoƙin sukari. 'Yar uwar Sulfolobus, Metallosphaera sedula, wadda aka samo kusa da birnin Nafoli na Italiya a 1989, tana manne wa dutse mai ƙarfe da farar wuta ta narkar da shi. A 2019 Tetyana Milojevic da abokan aikinta sun raine ta a kan dutsen da ya faɗo daga sama, wanda aka tsinta a arewa maso yammacin Afirka.

Kada dai mu ɗora wa rigar abin da ba nata ba. Ferroplasma tana rayuwa da ƙarfe cikin asid mai tsanani ba tare da ita ba, wanda ke nuna cewa fatar ciki ce ke tare asid. Aikin rigar shi ne riƙe siffar jiki, tace abin da zai shiga, da fuskantar ma'adini. A wani tafki a jihar New York an ga ƙwayar da ma'adini ke daskarewa a kan rigarta, idan ya yi nauyi sai ta tuɓe ta yi sabuwa.

Me ya haɗa wannan da ƙasarmu ta Gobir? A Jamus, a juji na tsohuwar mahaƙar yuraniyom ta Johanngeorgenstadt, an samo bakteriyar da rigarta ke kama yuraniyom daga ruwa. Ku tuna da mahaƙar yuraniyom ta Arlit a maƙwabciyarmu Nijar. Ku tuna da Anka da Bukkuyum a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A Obuwasi ta Gana kuwa, an yi amfani da ƙwayoyi masu narkar da ma'adini wajen fitar da zinariya tun 1994. Matatar da ke saƙa kanta, take kuma kama ƙarfe mai guba, mu ne muka fi kowa buƙatarta.

A kusa da mu kuma, rijiyar burtsatsen da ruwanta ya ragu ba lallai ne ta ƙafe ba. Sau da yawa tsatsa da yauƙin ƙwayoyin nan ne suka toshe bututun, kuma ana iya kankarewa a wanke da kulorin. A lokacin da garuruwanmu suka cika da 'yan uwa da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, rijiya ɗaya ba ta yarwa ba ce. Ina roƙon ƙananan hukumominmu biyu su sa a binciki kowace rijiya kafin a yi watsi da ita. Ku kuma 'ya'yanmu da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku zo da kwalabenku ku ɗebi jan lakar nan daga rijiyoyin Isa da fadamun Gulbin Rima, ku duba irin rigar da ƙwayoyinmu ke sawa.

 Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.