Yadda Za Mu Adana Hotunan Makarantarmu a Kwamfuta

 

Bayan godiya ga Allah da ya haɗa fuskokinmu a nan Marnona, an umarce ni da in yi ɗan bayani a kan yadda wanda bai goge da kwamfuta ba zai shirya hotuna, ya gyara su, ya kuma adana. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba mai ɗaukar hoto ba, to amma aikin ofis ya koya mana cewa fayil ɗin da ba shi da lamba ɓatacce ne, ko da yana kan tebur. Haka hoto yake: muddin ba a san waɗanda ke ciki ba, da ranar da aka ɗauke shi, to sunansa ɓatacce.

Hotunan faretinmu, da na gasar wasanni, da na bikin yaye ɗalibai, suna warwatse a akwatuna da wayoyi. Gara da danshi suna cin na takarda. Ba mu manta da ambaliyar kogin Rima ta 2010 ba, wadda ta shafi garuruwan Goronyo da Wurno, ga kuma rashin tsaro da ya tayar da ƙauyuka da dama a wannan yanki. Wanda ya fito da gudu kuwa, ba ta hoto yake yi ba.

Mataki na farko shi ne tarawa. Hotunan takarda a kai su wurin masu na'urar sikana, a ce a ɗauki ƙananan a kan ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, a kuma ɗauki bayan hoton idan akwai rubutu. Na waya kuwa a kwafe su da kebul. Idan dole sai ta WhatsApp, to a aiko su a matsayin fayil, domin in an aiko a matsayin hoto yana matse shi, ya rage masa kyau, ya kuma goge ranar da aka ɗauka.

Na biyu, shiryawa. A buɗe folda guda, a cikinta kowace shekara da tata. Sunan kowane taro ya fara da shekara, sannan wata, misali "2008-07 yaye ɗalibai". Ta haka kwamfuta za ta jera su da kanta.

Na uku, manhaja. Akwai digiKam, wadda kyauta ce, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Tana gano fuskoki, idan ka sa wa fuska suna sai ta nemo maka masu kama da ita, kai kuma ka tabbatar. Amma a saita ta ta riƙa rubuta sunayen a cikin hoton kansa. Dalili kuwa, manhaja tana mutuwa. Kamfanin Google ya sayi Picasa a 2004, jama'a suka saba da ita, sai ga shi a 2016 ya daina kula da ita. Sunan da ke jikin hoto yana bin sa duk inda aka kai shi.

Na huɗu, gyara. Kada a taɓa hoton asali, a yi kwafi a yi aiki a kansa, domin hoto irin na JPEG yana rage kyau duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Sabon shiga ya tsaya a kan abu uku: miƙe hoton da ya karkace, yanke gefe, da ƙara haske. Yagewa ko tabo ana share su da GIMP, ita ma kyauta ce. A yi hattara da manhajojin da ke cewa za su fito da fuskar da ta dushe, domin ƙirƙirar fuska suke yi, sai ka ga malaminka ya koma wani mutum dabam.

Na biyar, ajiya. Kwafi uku ake so: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya kuma a wani gari, ko a intanet, inda Google ke ba da gigabait 15 kyauta.

Daga ƙarshe, ina ba da shawarar kowane aji ya zaɓi mutum guda, ya zauna da malamanmu su faɗa masa sunayen da ke cikin hotuna, tun suna tare da mu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Haka nan kuma, kada a watsa hoton kowa a Facebook sai da izininsa, musamman 'yan uwanmu mata da ke gidajen aurensu.