Kalar da ta karɓe ka, da wadda ta cinye maka kuɗi

 Makon nan mun ɗan ajiye zancen farashin dusa da allurar dabbobi, za mu taɓa wani abu da kowa ke kashe wa kuɗi amma ba a cika zama a tattauna shi ba, wato kalar tufafi da kayan kwalliyar fuska. Kar ka ce wannan zancen mata ne ka wuce. Kai ne ka kai ɗan maraƙi Maigatari ranar Alhamis don ka yi wa iyali kayan Salla. Kai ne za ka haɗa lefen ɗanka. In kuwa ɗan kasuwa ne kai, kai ne ka ɗauko bandir ɗin shadda daga Kantin Kwari ka tsallaka da shi Maraɗi ko Damagaram, sannan ka zauna kana kallon wata kala tana shan ƙura a shago wata shida.

Kowa ya taɓa ganin mata biyu sun yi anko, atamfa ɗaya, tela ɗaya. Ɗaya kayan suka karɓe ta, ɗayar kuma ana ta tambayarta ko zazzaɓi ta yi. Sai a ce ai waccan ta fi haske. Sau da yawa ba haka ba ne. Fatar mutum tana da launin sama, wanda muke cewa fari, ko wankan tarwaɗa, ko baƙi, tana kuma da wani ruwa a ƙarƙashi. Wata fatar in rana ta taɓa ta sai ka ga kamar zuma ko makuba, wannan ita ce mai ɗumi. Wata kuwa sheƙinta ya karkata wajen shuni ko ruwan zoɓo, ita ce mai sanyi. Baƙi yana iya zama mai sanyi, fari ma haka.

Abu na biyu, makiyayi ya riga kowa saninsa. Dubi Bunaji: gashi fari, amma ido da hanci da bakin kunne baƙi ƙirin, daga nesa kana ganin inda fari ya tsaya baƙi ya fara. Dubi tumakin Uda, gaba duhu baya fari, kamar an ja layi. Sannan dubi Rahaji, ja ce mai duhu tun daga wuya har wutsiya, babu inda ido zai yi tuntuɓe. A yi mini aikin gafara da na kawo misali da dabba, na san a ruga wannan yabo ne. To mutane ma haka suke. Akwai wanda fatarsa baƙa ce wuluk mai sheƙi, farin idonsa da haƙoransa kuma ƙal. Akwai fara sol mai baƙin gashi da baƙar gira, irin da ake yawan gani cikin Fulani da Buzaye da Shuwa. Su biyun nan, duk da ɗaya baƙi ɗaya fari, jirgi ɗaya ya ɗauko su: ruwan fatarsu mai sanyi ne, kuma haske da duhu sun rabu sarai a fuskarsu. A kansu za mu yi magana yau.

A Amurka wata mata mai suna Carole Jackson ta fitar da littafi a 1980 inda ta kasa mutane gida huɗu bisa lokutan shekara, irin waɗannan da muka ambata ta sa su a gidan hunturu. Amma fa hunturunsu take nufi, na farin ƙanƙara da baƙin itace da sama shuɗiya. Namu hunturun na buji ne da hazo, kuma abin dariyar shi ne kalar hunturunmu ita ce babbar abokiyar gabar irin wannan fuska. Ruwan ƙasa, ruwan madara da ya ja rawaya, ruwan goro, ruwan ɗorawa da ya dusashe, kore mai kama da busasshen ganye, duk waɗannan in suka matso kusa da fuskar sai ta yi toka-toka, farin ido ya koma kamar na mai shawara.

Abin da ke fito da ita shi ne kala tsantsa wadda ba a sirka ba. Fari fat. Baƙi wuluk. Ja irin na zoɓo ko na hanta, ba ja mai ruwan manja ba. Kore shar mai duhu. Shunayya. Ruwan hoda mai ƙarfi. In kana son mai haske, nemi ruwan bula ko ruwan toka mai sheƙin azurfa. A atamfa kuma, zanen da ya fito ɓaro-ɓaro, fari kusa da baƙi ko shuɗi kusa da fari, ya fi wanda kaloli suka narke cikin juna.

Uwa-uba kuwa shuni. Kakanninmu ba su karanta littafin kowa ba, amma sun daɗe da gano wannan. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan har yau, ana tsoma ƙyalle cikin baba da toka, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, har shuɗin ya yi duhu. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi, wanda masu bugu ke daka masa shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, fatake su kai shi Agadas da gaba. Ka lura da Buzu in ya naɗa irin wannan rawani ya bar ido kawai, yadda farin idon ke haskawa daga nesa. Samarin Woɗaaɓe ma, a taron Ingal na ƙarshen damina da wuraren Gerewol, suna baƙanta leɓe da gefen ido don haƙori da ido su ƙara fari. Hikimar ɗaya ce: duhu mai tsabta kusa da fari mai tsabta.

To yaya za ka gane kanka, ko matarka, ko mai sayen da ke tsaye a gabanka? Wasu na cewa a duba jijiyar hannu, in shuɗiya ce to mai sanyi ne. Wannan dabarar farar fata ce, a baƙar fata ba ta cika nuna komai ba. Ga wadda ta fi. A wanke fuska, babu hoda babu mai. A tsaya a inuwa da hantsi. A ɗauko ƙyalle biyu, fari fat da ruwan madara, a kara su ƙarƙashin haɓa ɗaya bayan ɗaya. Kar a kalli ƙyallen, fuskar za a kalla. Wanne ne ya sa ido ya washe, wanne ya fito da duhun ƙarƙashin ido? A sake da ja mai ruwan zoɓo da ruwan goro. A sake da ɗan kunnen azurfa da na ruwan gwal. In fari fat da zoɓo da azurfa suka yi nasara, an gama magana. Madubi ɗaya bai isa ba, a sa wata 'yar'uwa mai faɗin gaskiya ta tsaya.

'Yan kasuwa, ga taku. Rumfar da aka rufe da shuɗin tamfol ko ja tana canza kalar kaya, haka ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa. Mace ta saya a rumfa tana murna, ta je gida ta buɗe da rana ta ga wani abu daban, gobe ba za ta dawo wurinka ba. Bar ta ta fita da turmin bakin rumfa ta kara a fuska. Kuma in za ka yi sari, tuna da fuskokin da ke zuwa shagonka, ka rage bin abin da dillali ya ce shi ake yayi. Yayin Kwatano ko Legas ba lalle ne ya karɓi matan Ƙonni ba.

In kuwa an riga an saya, an ɗinka, kalar kuma ba ta karɓe ki ba, Hajiya, kar ki jefa ƙasan akwati. Abin da ke kusa da fuska shi ne mai hukunci. Ɗaura kallabi ko ki yafa mayafi fari, ko baƙi, ko shuɗi mai duhu, zanen ƙasa ya zama kowace kala. Namiji ma haka, hula da rawani da aikin wuyan riga su ne abin lura. Zare fari ko ruwan azurfa a kan shadda shuɗiya ya fi masa zare ruwan gwal. Mai bin shanu zai ce fari ba ya kwana biyu a daji. Gaskiya ne. Ajiye farin don kasuwa da suna, a wurin kiwo shuɗi mai duhu yana ɓoye dauɗa kuma yana yi maka kyau. Dattawa kuma, furfura ba ta ɓata wannan lissafi, ƙara masa armashi take yi.

Sai kwalliya. Hoda ita ce ta fi ba mata kunya. Ana sayen wadda ta fi fata haske da zaton za ta ƙara kyau, sai fuska ta yi kamar an faɗa toka, wuya kuma ya tona asiri. Gwada ta a gefen muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, wadda ta ɓace cikin fata ita ce taki, kuma ki guji mai ruwan lemo. Jan baki, ruwan zoɓo ko hanta ko mai ɗan shunayya. Jagira baƙa ko ruwan toka mai duhu. Irin wannan fuska ba ta buƙatar kaya da yawa, ido ɗaya da leɓe sun isa.

Kwalli yana yi mata kyau ƙwarai, amma akwai magana a kansa. Yawancin dutsen tozali da ake niƙawa dalma ce a cikinsa, dalma kuwa guba ce, ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. A 2012 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Najeriya da aka sami dalma da yawa a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Inna, kaka, a daina ranbaɗa wa jarirai. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis na rina gashi ma yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje, a gwada a ɗan wuri kwana biyu kafin biki.

Akwai kuma man bilicin, wanda ke ratsa iyakokinmu katan-katan. Yarinya baƙa mai kyau ta sa ruwan ƙasa, ta ga fuskarta ta mutu, sai ta ɗauka fatar ce ke da laifi. Ta fara shafe-shafe, fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, fata ta yi laushin da rana ke ƙona ta, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki, mai taɓa ƙoda. Ƙasar Kodebuwa ta haramta irinsu tun 2015. Kai mai shago da ke jera su kusa da atamfa, in ta zo nema, fara miƙa mata mayafi fari fat da shuɗi mai duhu, ka ce ta fita bakin rumfa da madubi ta kara a fuska tukuna.