AMANAR MAGANI A WUYAN MAJINYATA DA MAKIYAYA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, neman magani Sunna ne, amma wasa da shi zalunci ne. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi cewa shan abin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. An ƙiyasta irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019.

Mu ne masu sayen kafso a kemis saboda mura, alhali ba ya maganinta. Mu ne masu yi wa saniya allura yau, gobe mu kai nononta kasuwa. Wannan algus ne, kuma Shari'a ta haramta cutar da kai da cutar da wani.

Saboda haka kada mu sha sai likita ya rubuta. Idan ya nemi awo, mu yi, domin da shi ake gane maganin da ya daina aiki. Makiyayi ya tambayi likitan dabbobi kwanakin jira kafin yanka ko tatsa.

Allah Ya sa mu dace, amin.