Kafin ku ɗauki hoton Maraɗi

Jawabin da aka gabatar wajen buɗe horon hutun damina na ɗaliban lise da jami'a kan ɗaukar hoton birane.

Malamai, iyaye, ƙannena ɗalibai,

Sarrafa kamara aikin masu horonku ne, su za su zauna da ku makonnin nan su nuna muku haske da inuwa. Ni ɗan jarida ne, saboda haka a kan gari zan yi magana.

Ku tsaya bisa tudu ku dubi fadamar Gulbi. Can ƙasa Maraɗi take da fari, inda Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa ta a farkon ƙarni na 19. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin. Nasara masu mulki suka hau da jama'a tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu masu gitta juna kamar gidan dara. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki titi ya ce ya yi kyau, shi ke nan. Wanda ya sani kuwa zai gane titin nan hukunci ne, wani ne ya zauna a biro da takarda ya yanke inda kowa zai kwana.

Masu zuwa Damagaram cikinku, tambayar ɗaya ce. Me ya sa Birni, wajen fadar sarki, yake da lunguna, Zango na fatake yake gefe? Me ya faru da garin da aka ɗauke masa matsayin babban birni a 1926 aka kai Yamai? Gidajen ƙasa masu zane a fuska suna zubewa damina bayan damina, ana maye su da siminti da kwano.

Gari yana sake kama ba tare da ya yi sallama ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. A 2016 mahukunta sun rushe rumfuna da shaguna na bakin titunan babban birnin, wai don a gyara masa fuska. A 2020 kogi ya shiga unguwannin da ke bakinsa. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai gardama ta tashi: mai mulki ya ce babu komai a wurin, talaka ya ce nan ne abincinsa yake. Hoto mai kwanan wata shi ke raba su. Ba don Philippe Koudjina ya yi ta yawo da kamara a dararen Yamai a shekarun 1960 da 1970 ba, da sai dai mu ji labarin wannan zamani a bakin tsofaffi. Bamako ta girmama nata, Seydou Keïta da Malick Sidibé, har ta buɗe babban taron masu hoto na Afirka a 1994. Mu kam mun yi sake.

Kada ku ji haushin horon nan ya faɗo cikin damina. Ruwan sama ba ya jin tsoron magajin gari: yana nuna unguwar da aka yi wa magudana da wadda aka yi wa alkawari. Ku je wuri ɗaya sau uku, da asuba, da rana tsaka, da bayan an ɗauke ruwa. Ku rubuta ranar, da sunan unguwa, da inda kuka fuskanta.

Sai ladabi. Ku fara gaida mai unguwa. Tsohuwa mai tuyar ƙosai uwa ce, ku nemi izininta, in ta ƙi ku yi godiya ku wuce. Talaucin almajiri ba ado ba ne da za ku ƙawata hoto da shi. Barikin soja kuwa, ku bar kamara cikin jaka.

Ranar rufe horo, kowa ya zo da hoto goma kawai, da bayanin wanda ya tsara wurin da wanda ke zaune cikinsa.

Allah ya ba da sa'a.